Samari huɗu daga Liverpool

Yawancinmu da ƙwallo muka san Liverpool. Amma garin ya taɓa fitar da samari huɗu mawaƙa, John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, waɗanda ake kira Beatles. Ni a shagon wani maƙwabcinmu mai sayar da kaset na san su, tun ina yaron shago. Shi ke jera mini faya-fayansu bi da bi, yana fassara mini.

Faifansu na farko, Please Please Me, ya fito a 1963, kuma kusan dukkansa a yini guda aka ɗauke shi. Zancen bai wuce saurayi da budurwa ba, kayan da ke tafiya a kasuwa kenan. Da wasu ne, nan za su tsaya tunda ana saye.

Su kuwa suka matsa gaba. A Rubber Soul na 1965 Harrison ya shigo da sita, wata irin molo ta Indiya. A Revolver na 1966 suka koka da haraji, suka kuma yi waƙar Eleanor Rigby, matar da ta rayu ita kaɗai, ta mutu ba wanda ya je jana'izarta. Wannan ta daɗe tana ci mini rai, don mu da ke zaune nesa da gida mun san darajar a samu masu raka gawa. A shekarar nan suka daina hawa dandamali, saboda ihun jama'a ya hana su jin kiɗansu. Suka koma ɗakin ɗaukar sauti, suka kwashe watanni a kan Sgt. Pepper na 1967.

To, a 1967 ɗin ne manajansu Brian Epstein ya rasu. Daga nan fa abin ya soma tsami. Farin faifansu na 1968 in ka saurara, kowa tasa yake yi. Rigima ta kaure kan wanda zai riƙe musu dukiya. Duk da haka suka daure suka yi Abbey Road a 1969, kafin su watse a 1970.

Abin da na tsinta a nan na 'yan kasuwa ne. Fasaharsu ba ta ƙare ba, hasali ma lokacin take kan ganiyarta. Mai riƙe amana a tsakaninsu suka rasa. Ku matasanmu masu haɗa jari, tun ana dariya ku zauna ku rubuta wa zai riƙe lissafi, kuma wa za a kira in an saɓa.