Zafin Nema Ba Ya Kawo Samu

Mai karatu, ko wace sana'a da lokacinta. Mai ƙosai ta san safiya, mai tsire ya san yamma. To mu ma masu kai abinci a kan babur haka abin yake, sai dai da yawa daga cikin matasan da ke shigowa harkar ba su lura ba. Gani suke wanda ya fi daɗewa a kan titi shi ya fi samu. Ni dai abin da na gani a garin nan na Kano ba haka ba ne.

Tun da gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a farkon 2013, da yawanmu muka koma kai saƙo. Yanzu matan da ke girki a gida suna tallar abincinsu ta WhatsApp da Instagram, su karɓi oda, su kira mu mu kai. A da, mutum kan iya yawo haka nan yana jiran kira. Amma tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta taɓa dubu. Daga nan lissafi ya sauya. Duk kilomitar da ka yi ba kula a bayanka, daga cefanen gidanka ka cire ta.

Bari in rarraba maka ranar yadda nake ganinta. Da safe ba wani abin kirki, don yawancin mutane a gida suke karyawa, ga cunkoson masu kai yara makaranta. Wannan lokacin na duba birki ne da taya, da buga wa Hajiyoyi waya a ji me aka ɗora.

Kasuwar gaske daga sha biyu take farawa zuwa uku. Ma'aikatan banki, da na sakatariyar Audu Baƙo, da 'yan Kantin Kwari da Singa da ba sa iya barin shago, duk lokacin cikinsu ke kira. Dabarar ita ce ka haɗa kula uku ko huɗu masu hanya ɗaya. Kada ka karɓi na Hotoro da na Rijiyar Zaki a tafiya guda, gabas da yamma ne, kafin ka isa miyar ta huce, mai abinci ta ji kunya, kai kuma ba za a sake kiranka ba.

Tsakanin uku da la'asar sakaliya, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40, ni inuwa nake nema. Inji na buƙatar hutu, haka ma mai tuƙa shi. Daga bayan magariba zuwa tara kuma wata kasuwar ce ta buɗe: masu shawarma, gasasshiyar kaza, gurasa, da samarin da ke aika wa 'yanmata abin taɓawa. Nan ne ake samun ɗan ihsani, don mai son burgewa ba ya tsayawa jiran canji.

Akwai kuma ranakun da sai ka sani. Ranar Juma'a, daga sha biyu da rabi hanyoyin kusa da masallatai sukan toshe, sai a kai da wuri ko a bari a sauko. Asabar ɗin ƙarshen wata tsaftar muhalli ce, ba zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe. Makon da aka yi albashi waya ba ta hutawa, amma daga tsakiyar wata sai ka ji tsit, kowa ya koma garau-garau. Ranar ruwa a watan Agusta oda kan yi yawa don ba mai son fita, amma rami a ƙarƙashin ruwa ba ya sallama.

Watan azumi kuwa komai juyewa yake. Rana ba ciniki, sai awa biyu kafin shan ruwa aiki ya taru gaba ɗaya. Kowa so yake kunun gyaɗarsa da wainarsa su iso kafin kiran salla, kowa a titi sauri yake, ga yunwa ga ƙishi. Wallahi ba lokacin da ya fi wannan kawo kuɗi, ba kuma wanda ya fi shi haɗari. Ni ƙa'idata, minti ashirin kafin magariba na daina karɓa, ko nawa za a ba ni.

Wata Hajiya da nake wa aiki ta taɓa ce mini, "Malam, ga na ƙarfe sha ɗaya na dare, zan ninka maka." Na ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ko an ninka sau uku bai kai kuɗin waya ba, balle babur." Duk wanda ke garin nan ya san matsalar ƙwacen waya a lunguna da dare. Babur ɗin nan shi ne gonata, shi ne shagona, akwai mutum biyar da ke ci a bayansa. Idan aka raba ni da shi, ko aka kwantar da ni asibiti, wa zai kai musu nasu abincin?

Don haka, ƙanena mai shirin shigowa, samu ɗan littafi ka riƙa rubuta lokacin da ka fita, man da ka sha, da abin da ya rage a aljihu. Wata guda ya isa ka gane da kanka cewa awa shida da aka zaɓa sun fi awa goma sha huɗu na gararamba. Arziki na Allah ne, amma ba a ce ka ƙone manka da lafiyarka wajen nemansa ba. Allah ya ba mu sa'a, ya mai da kowa gidansa lafiya.