Gaton Denmak a Unguwar Yantala

Daga Katsina zuwa Yamai hanyar sananniya ce: Jibiya, Maraɗi, sai a kama babban titin da ya miƙe yamma, a bi ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Daga Maraɗi kaɗai tafiyar ta haura kilomita 600. A cikin jakata akwai ƙullin mazarƙwaila, saƙon Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda ya tare a unguwar Yantala ta Yamai tun ban san dama da hagu ba. Bai ce in kawo masa shadda ko turare ba. Mazarƙwaila ya ce, ta Maƙarfi, mai duhun nan.

Ɗan Najeriya in ya kwana a Yamai, burodi ne zai fara ba shi mamaki. Namu lallausa ne, mai zaƙi, a cikin leda. Nasu dogo ne siriri, gadon Faransa, ɓawonsa ƙaras-ƙaras, ba ruwansa da sukari, kuma ba ya kwana. Tun duku-duku za ka ga samari sun ɗauro shi a kwali bayan babur suna rarraba wa masu shago da masu shayi. Mai shayi ya tsaga, ya shafa bota ko ya tura soyayyen ƙwai a ciki. Can gefe matan Zabarmawa suna jefa fari masa a mai, ɗan'uwan fankenmu ke nan, a ci da sukari ko da miya mai yaji. Alkama kaɗan ake nomawa a ƙasar, fulawar daga waje take shigowa, kuma tun da aka rufe gadar Gaya da ke iyaka da Benin a 2023 hanyarta ta ƙara nisa. Duk da haka ban wayi gari ko sau ɗaya na ga an rasa burodi mai zafi ba. Wannan ya burge ni ƙwarai.

Kawu tsohon kuku ne. Ya yi shekaru yana girki a gidajen Turawa a unguwar Plateau. Ƙasar Denmak ta fara aikin haɗin gwiwa da Nijar a 1974, ta kuma fi yin suna wajen samar da ruwan sha a jihohin Damagaram da Diffa. A gidan wani ma'aikacinsu ne uwargidan ta koya masa gaton garinsu, wato kek ɗin da suke kira brunsviger. Ita 'yar tsibirin Fyn ce, wanda babban birninsa shi ne Odense, mahaifar Hans Christian Andersen mai tatsuniyoyi, da aka haifa a 1805. A can da safe ake cin sa da kofi. Ranar bikin haihuwar yaro kuma sai a gasa shi da siffar mutum, a yi masa ado da alawa, a fara yanka daga wuya yara suna ta ihu. Wasu ma, in ji Kawu, cikin ɗan burodi suke cusa shi su ci. Burodi cikin burodi! Kowace ƙasa da irin nata rigima.

Bayan sallar asuba Kawu ya tashe ni.

"Taso, ɗana. In rana ta fito, ƙullun nan ba zai jira mu ba."

A nan na gane inda gwanintar take. Matar da ta koya masa da madara mai ɗumi take kwaɓi, domin ƙasarsu sanyi gare ta, yis sai an lallaɓa shi. A Yamai kuwa, inda zafi kan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yis ba ya son lallashi, linzami yake so. In ƙullu ya tashi da garaje sai ya yi tsami, ya kumbura ya faɗi. Saboda haka Kawu ya juya abin: madara mai sanyi, yis busasshe na 'yar leda rabin abin da aka koya masa, kwanon kuma a ajiye shi gindin randa, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma.

Fulawa rabin kilo ya zuba, da madara kofi guda, ƙwai ɗaya, bota kaɗan, sukari cokali biyu, gishiri ɗan tsunkule. Ƙullun kansa ba shi da wani zaƙi. Ya yi ta murza shi da gindin tafin hannu har ya daina kama yatsa, ya yi santsi yana sheƙi. Da ya ninka girmansa sai ya shimfiɗa shi a faranti mai ɗan zurfi, ya bar shi ya sake hutawa.

Sai aka zo kan mazarƙwaila. Mutanen Denmak da jan sukarinsu suke yi, wanda farin sukari ne aka cuɗa da ruwan rake mai kauri. Kawu ya ce ya daɗe da gano cewa mazarƙwaila ta fi shi, domin ita tana da ɗan ƙamshin wuta da ta kwaso daga kaskon da aka dafa ta. Ya kankare ta da wuƙa, ya narka da bota a wuta ƙasa-ƙasa, bai bari ta tafasa ba. Daga nan ya buɗe yatsunsa goma ya dinga lotsa ƙullun har ƙasan faranti, rami kusa da rami, kamar gurbin dara. Ya kwarara romon a kai, ya bi ramukan ya cika su.

"Kawu, ba ta yi yawa ba?"

"In ba ta yi yawa ba, ai burodi ka gasa."

Tandunsa na gas ne, ba ya jiran wutar lantarki. Minti ashirin da 'yan kai, ƙamshi ya cika gidan ya tsallaka katanga. Da aka fito da shi saman yana ɓararraka, tudu-tudun sun yi ja sun ɗan ƙame, ramukan kuwa dam da romo mai danƙo. Ya hana ni taɓawa sai da ya huce kaɗan. Ciki laushi, sama zaƙi mai nauyi, sai shayi ba sukari ya iya da shi.

Rabin farantin maƙwabta aka kai wa. Kafin azahar kwanon ya dawo daga gidan wata dattijuwa Bazabarma cike da kopto, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Na ce da Kawu, da zai kafa tebur a bakin Babbar Kasuwa ko Katako da ya yi ciniki. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai ɗan Najeriya, komai kasuwa! Ka san kuɗin botar da ta shiga farantin nan? Mutumin da fari masar dala biyar ta ishe shi, nawa zan ce ya biya? Tashi ka wanke kwanukan."