Batirin da Ya Faɗo a Mokwa

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, maigidana ya fara zancen babur mai caji. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 600 kafin Yuli ya fita, masu babur da 'yan adaidaita sahu kuwa kowa sai neman mafita yake. Alhaji ya yi shekara ashirin yana sayar da batirin mota a Kano, irin na da, mai ruwa a ciki. Ni ne yaronsa da ake aikawa Legas. Dukanmu mun ɗauka batir duk batir ne.

A goman tsakiya na azumin 2024 ya tura ni in ɗauko batura arba'in na litiyam, kowanne ya kai nauyin rabin buhun shinkafa. Ya ja min kunne kada in karɓi wanda bai cika da caji ba, don kada a cuce mu. Na tsaya a kan dillalin sai da aka cika kowanne fal. A jikin kwalayen akwai wani tambari mai baƙaƙen layuka da lamba 9 a ƙasa, an rubuta UN3480 a gefe. Na gan shi da idona, ban tambayi kowa ba. Sai daga baya na san alamar kaya masu haɗari ce, kuma tun Afrilun 2016 ba a yarda a loda irin wannan batir a jirgin sama ba idan cajinsa ya wuce kashi 30 cikin 100, a jirgin fasinja kuwa an hana ɗaukarsa a matsayin kaya gaba ɗaya. Ni kuma na cika su, na cire su daga akwatin katakon da suka zo ciki don rage kuɗin mota, aka jibga su a tirela kusa da rodi.

Mun wuce Ibadan, Ilori, muka haye gadar Jebba. A Mokwa muka tsaya shan ruwa. Yaron mota ya hau ƙara ɗaure igiya, sai kwali guda ya suɓuce ya faɗo a kan kwalta. Na buɗe, na ga kusurwa ɗaya ta lotsa kaɗan. Na danna maɓalli, fitilunsa suka kama kore. Direba ya ce, "Ɗan'uwa, ai ƙarfe ne, babu abin da ya same shi." Na ji daɗin maganar, don ita nake son ji. Muka mayar da shi cikin 'yan'uwansa.

Sitonmu ɗaki ne mai rufin kwano, babu taga, ga zafin Kano na ƙarshen Maris da ke haura digiri 40. Muka jera su a ƙasa, wani kan wani, jarkar man janareta tana jingine a kusurwa. A kwana na huɗu na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar na abin goge jan farce, na kuma ga cikin batirin nan ya kumbura. Na faɗa wa Alhaji. Ya ce in ware shi, bayan Sallah a mayar Legas. Na ja shi bakin ƙofa ta ciki na bar shi. Wannan ɗan jan da na yi, taku biyar ko shida, shi Allah ya yi sanadi da shi.

Muna fitowa daga tahajjud, wajen ƙarfe uku na dare, mai gadi ya kira ni, muryarsa na rawa. Da muka ɓalle ƙofa, farin hayaƙi ne ke bin ƙasa, ga huci kamar na maciji, sai ƙara fat-fat, wuta na fesowa da ƙarfi ta gefe. Wani maƙwabci ya juye masa garin kashe gobara, harshen wutar ya kwanta, kafin mu sauke numfashi ya sake tashi. Da dogon ƙarfe muka janyo shi kan titi. 'Yan kwana-kwana sun daɗe suna zuba masa ruwa. Babbansu ya ce a bar shi a fili, kada kowa ya matsa, bai gama ba. Gaskiyarsa. Da hantsi ya sake ci.

Wani mai gyara ne ya buɗe min wani mataccen batir na ga cikinsa. Ƙananan batura ne jere da yawa, a cikin kowanne akwai wata leda da ba ta kai kaurin silin gashi ba, ita ke raba ɓangarorinsa biyu na ciki. Duka ko lotsawa na iya huda ta. Daga nan zafi zai fara taruwa a ɓoye, kwana ɗaya ko mako, har ɗaya ya kama ya kunna na kusa da shi. Kayan cikin suna sakin iskar da ke ciyar da wutar, shi ya sa rufe ta ba ya kashe ta, sai ruwa mai yawa ya sanyaya. Hayaƙin kuwa guba ne. Mai gadinmu, dattijo mai iyali, ya yi mako biyu yana tari, kuma har yau idan na tuna, ni nake ganin laifin, don ni na ga lotsawar a Mokwa.

Yanzu ba na karɓar batir mai caji fiye da rabi. A akwatinsa yake tahowa, an rufe bakin wayoyinsa, an ɗaure shi yadda ba zai motsa ba. Sito ya samu taga da silin, man janareta ya koma wani ɗaki, a tsakar fili kuma akwai rabin duro cike da yashi don duk wanda ya faɗi ko ya kumbura.

'Yan'uwana 'yan kasuwa, da direbobi da 'yan dako, don Allah batirin da ya sha ƙasa kada ya kwana a ɗaki, ko da fitilarsa na nuna kore.