Tsoka Na Sauri, Ƙashi Na Bin Sannu

Daga ɗaukewar damina zuwa shigowar bazara, filayen ƙwallo na Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba sa rabo da yara 'yan shekara 13 zuwa 16, da yawansu da burin wata rana su sa rigar Zamfara United. Watannin nan na atisaye kan sauya jikin yaro ƙwarai, sai dai sassan jikin ba tare suke sauyawa ba, kuma a nan haɗarin yake.

Zuciya da jini ne kan gaba. Cikin mako biyu ruwan jini kan ƙaru, haki ya ragu. Ƙarfin da yaro yake ji a makonni huɗu zuwa shida na farko kuwa, yawancinsa daga ƙwaƙwalwa yake, domin ta koyi tayar da tsokoki a tare. Tsokar kanta sai bayan haka take fara kauri.

Ƙashi da jijiyoyin da ke ɗaure shi da tsoka su ne 'yan baya, sai sun ɗauki watanni. Ga yaro mai tasowa kuma, bakin dogayen ƙasusuwa guringuntsi ne da bai gama ƙosawa ba. Idan cinyar da ta yi sabon ƙarfi ta dinga fizgar wannan wuri a kan busasshiyar ƙasar hunturu, sai wani ƙullutu mai zafi ya fito a ƙasan gwiwa. Likitoci biyu, Osgood a Amurka da Schlatter a Suwizalan, sun bayyana ciwon tun 1903, kuma da sunansu ake kiransa.

Abin takaici, lokacin da yaro ya fi burge koci, wato wajen wata na biyu, shi ne lokacin da gwiwarsa ta fi bukatar sassauci. Sai a ƙara masa gudu, shi kuma ya ɓoye ɗingishi don kada a ajiye shi a benci, a ce rago ne.

Kocin da ya san wannan kan ƙara aiki kaɗan-kaɗan, ya ware ranakun hutu, ya tambayi abin da yaran suka ci da yadda suka yi barci. Idan ya ga yaro yana dafa gwiwa bayan tsalle, ya rage masa aiki na wasu makonni. Ciwon kan lafa da kansa idan girma ya kammala, muddin ba a yi ta fama shi ba.