Gadar da Muryoyi Ke Bi

Duk wanda ya ji har yanzu da kaset nake aiki sai ya yi murmushi, wai zamani ya bar ni a baya. To, ba kaset ɗin waƙa na rediyon mota nake nufi ba. LTO ake ce masa, kamfanonin HP, IBM da Seagate ne suka haɗu suka fito da shi. Na farko ya shigo kasuwa a 2000 yana ɗaukar gigabait 100, na takwas kuwa, na 2017, terabait 12 yake haɗiyewa. A gidan rediyon da nake aiki, cikinsa muke adana hirarrakin dattawa da tafsirin azumi da wasannin kwaikwayo. Da yawan masu muryoyin nan sun riga mu gidan gaskiya.

Kaset ba ya shiri da zafi da ƙura, saboda haka akwatinsa yana ɗaki mai sanyi, babbar kwamfutarmu kuma tana wani ɗakin. Wayar SAS da akwatin yake amfani da ita ba ta wuce ƴan mitoci. Abin da ke haɗa su wata ƙaramar na'ura ce da muke kira gada: ta karɓi SAS ta gefe guda, ta miƙa shi ta wayar sadarwa a tsarin iSCSI.

Sai dai gada ba ta san kowa ba, sai an gabatar mata. A akwatinmu akwai makaranta kaset biyu, da hannun ƙarfe mai ɗauko musu kaset. Nakan shiga baƙin allo in ba kowanne lambarsa, wadda ake kira LUN: hannu 0, makaranta 1 da 2. Sannan in adana saitin, don in ba a adana ba, ɗaukewar wuta ɗaya ta shafe shi. Daga nan in koma Linux, in nemo gadar da iscsiadm a ƙofa ta 3260, in duba da lsscsi ko ukun sun bayyana, in motsa hannun da mtx.

Wuri biyu ne ba na wasa da su. Makaranci ɗaya yana da suna biyu, st0 da nst0. Na farko yakan mayar da zare farko duk lokacin da aka gama aiki, na biyu yakan bar shi inda ya tsaya. Wanda ya rubuta fayil biyu a jere ta st0, na biyun kan na farko zai hau, kuma babu mai dawo da shi. Sannan lambobin nan suna iya musanya wuri idan kwamfuta ta sake tashi. Shi ya sa nake kiran kowane makaranci da sunansa na cikin /dev/tape/by-id, wanda ba ya sauyawa.

Na fi son rubuta umarni a kan latse-latse, domin abin da aka rubuta ana iya kwafe shi. Kowane layi yana cikin wani littafi da na ajiye kusa da akwatin, saboda wanda zai gaje ni. Zai buƙace shi kuwa, tunda makarancin LTO-8 ba ya karanta kaset ɗin da ya girmi LTO-7. Wata rana dole a kwashe muryoyin nan zuwa sabon kaset, kuma ta wannan gadar za su bi.