A Rafukan Helford, Inda Ruwa Ke Bin Wata

A jikin ƙofar kicin ɗin gidan da muka kama haya a bakin Helford, a yankin Cornwall na kudu maso yammacin Ingila, an manna jadawalin lokutan cikar teku da janyewarsa. Shi ya tsara mana komai, har lokacin karin kumallo. Gidan ɗan ƙarami ne na dutse, fari fat, ƙofarsa sai dogo ya sunkuya, daga tagar sama kuma ruwa ne a ƙarƙashinka.

Kogi ake ce wa Helford, amma asalinsa kwari ne da teku ya shigo ya cike, don haka ruwansa na gishiri ne. Sa'a shida da 'yan mintoci yana hawa, wasu shidan yana sauka, kullum kuma lokacin na ƙara jinkiri da kamar minti 50. Wata ne ke jansa. A tsayuwar wata da tsakiyarsa, tazarar cika da janyewa kan kai kusan mita 5. Ni da na tashi ina sanin rafi da cika a damina, ƙafewa a rani, ganin haka sau biyu a kwana guda ya sa na yi ta tasbihi.

Da hantsi jagorarmu ta raba mana rigunan ceto da kayak, wato ɗan siririn kwalekwalen roba da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu. Ta ce mu riƙa juya ƙugu, kada mu bar wa damatsa aikin, kuma kada na gaba ya yi nisan da ba zai ji kiran na baya ba. Muka bi ruwan yana shigowa, yana tura mu sannu a hankali, har muka karya hagu zuwa Frenchman's Creek, rafin da Daphne du Maurier ta sa wa littafinta na 1941 sunansa.

Nan ne zuciyata ta tsaya. Tsofaffin itatuwan ok sun sauko har bakin ruwa, ƙasan rassansu a daidaice sai ka ce da almakashi aka datse, don duk ganyen da ruwan gishiri ya taɓa ba ya rayuwa. Kututturan da suka faɗi suna kwance baƙi ƙirin, ciyawar teku na reto a jikinsu. Wani farin zalɓe ya tsaya yana motsa ƙafa ɗaya cikin laka don ya tada ƙananan kifaye, yatsunsa rawaya sharr, bai ko kula da mu ba. Surutunmu ya mutu da kansa.

"Yaya, mu ƙara gaba mana," in ji ƙaramin cikinmu.

"Dubi igiyar jirgin can," na ce masa. Jirgin da ke ɗaure ya fara juya hanci, alamar ruwa ya soma komawa. Wanda ya yi jinkiri a ƙuryar rafin nan, taɓo zai tarar mai haɗiye ƙafa har gwiwa, ya zauna jiran wata cikar.

Mun ɗan huta a Tremayne, matsayar jirage ta dutse da aka gina a 1847 don tarbar Sarauniya Bitoriya, wadda ba ta zo ba. Can ƙasa kusa da bakin teku kuma akwai gaɓar lambun Trebah, inda dubban sojojin Amurka suka hau jirage a Yunin 1944 zuwa Nomandi. Da yawansu ba su dawo ba. Yau yara ne ke wasa a wurin.

Komawa ta fi wuya. Iska ta taso daga gabas tana karo da ruwan da ke fita, igiyoyi suka riƙa marin hancin kwalekwale. Ɗaya daga cikinmu hannunta ya mutu, jagorar ta ɗaura mata igiya ta ja ta, mu kuma muka kewaye ta muna ba ta baki har gaɓa. Ba wanda ya wuce gaba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen tara da rabi. Muka shanya jiƙaƙƙun kaya a katanga, muka yi magariba a ɗan filin gaban gida, sannan aka sauke tuwon semo da miyar kukar da muka yi guzurinta. Tafukan kowa sun yi bororo, amma kafin a kwashe kwanuka har an fara gardamar ko gobe za mu iya kaiwa Gweek, can ƙarshen ruwan.