Karofane: takin da ya nuna shi ke riƙe albasa

Wanda ya tashi daga Madawa ya nufi arewa maso gabas, zai bi ta ƙasar duwatsu da jigawa kafin ya gangara fadamar Tarka. A bakin wannan fadama garin Karofane yake, cikin ƙasar Buza, jihar Tawa. Da rani tudu ya bushe ƙayau, amma fadama kore shar, domin ruwa ba nisa a ƙarƙashin ƙasa. Garka na bin garka. Yawancinsu albasa ce, irin ta Galmi, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Gana da Abijan.

Sai dai albasa mai cin ƙasa ce. Fangalin da aka noma shekara da shekaru ba taki, sai ya gaji. Wasu su tula masa takin zamani. Albasa ta yi girma, ta cika ido, amma in an zuba ta a rudu ba ta jimawa sai ruɓa. Ga asarar kuɗin taki, ga asarar amfani.

Abin haɗa taki kuwa yana nan kusa. Bayan girbi Fulani da Buzaye na sauka da dabbobi a gonaki. Ga kashin shanu da na awaki, ga karan hatsi, ga ƙaiƙayi, ga toka. A haƙa rami a inuwa. A shimfiɗa yankakken kara, a bi shi da kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake. Kowane sati 2 a juya. Wata 2 zuwa 3 ya isa.

Wani lokaci laimar kwaɗi kan fito a bisa tarin. Ba ɓarna ba ce, kara ne ke ruɓewa. Amma kada a ci, kada a bar yara su tsinka, don wasu na da dafi mai kisa.

A Turai akwai irin da ake ci, har nomansa ake yi. A Faransa, a da, sun daɗe suna shuka shi cikin kogunan da aka fasa dutse a ƙarƙashin birnin Pari, a kan kashin doki da tattakar alkama. In an gama tsinka, sauran takin sai a sayar wa masu lambu. Taki ne mai kyau, yana riƙe ruwa, amma yana da gishiri. Shi ya sa suke barin sa a fili ruwan sama ya wanke shi tukuna. Albasa kuwa ba ta shiri da gishiri, balle tun tana ƙarama.

Takin Karofane ma haka yake son haƙuri. Ɗanyen kashi na ƙone dashe, yana kawo ciyawa da tsutsa. Manomi ya soka ƙarfe cikin tarin, ya zaro. In da zafi, bai nuna ba. Wanda ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba wari. Mai shakka ya cika gwangwani 2, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da ƙasa gauraye da takin, ya shuka irin tumatir a kowane. In na takin ya tsiro daidai da ɗan'uwansa, sai a kai fangali, a cuɗa shi da ƙasa kafin dashe. A wanke hannu da sabulu bayan aiki, ramin kuma ya yi nesa da rijiya.